Rajistar Masu Laifin Fyaɗe da Wajiban da Ke Biyo Bayan Hukunci: Nazari Daga Zauro da Fadamar Rima

Tsakure

Wannan takarda ta duba rajistar da ake rubuta sunayen waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe da dangoginsa, tare da wajiban da doka kan ɗora musu bayan sun gama zaman gidan gyaran hali. An ɗauki garin Zauro da ƙauyukan fadamar Rima da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu a matsayin ma'auni, domin a ga iyakar abin da rajista za ta iya yi a wurin da kowa ya san kowa. Matsayin takardar shi ne, dokar tarayya ta 2015 ta kafa kundin sunaye ba tare da ta ɗora wa mai laifi wani wajibi ba, kuma amfanin rajista ga Jihar Kebbi ya fi yawa wajen bin sawun mai laifi idan ya sauya gari, a kan tallata sunansa a garin da aka riga aka san shi.

1. Gabatarwa

Rajistar masu laifin lalata kundi ne da hukuma ke ajiye bayanan mutumin da kotu ta tabbatar ya aikata fyaɗe ko wani cin zarafi mai kama da shi, kuma bayanan sukan haɗa da sunansa, da hotonsa, da zanen yatsunsa, da mazauninsa, da laifin da ya yi, da hukuncin da aka yanke masa. A bakin jama'a, har ma a jawaban wasu jami'ai, akan cuɗanya abubuwa uku da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne rajista, wato hukuma ta san mutumin kuma ta adana bayanansa. Na biyu shi ne sanarwa, wato a bai wa jama'a ko wani rukuni daga cikinsu damar sanin abin da ke cikin kundin. Na uku shi ne wajibai, wato ayyukan da doka ta tilasta wa mai laifin ya riƙa yi bayan an sake shi, kamar kai kansa ofishin 'yan sanda a kan kari, da faɗin sabon mazauninsa idan ya ƙaura, da nisantar aikin da zai haɗa shi da yara. Ƙasa tana iya samun ɗaya daga cikin ukun nan ba tare da sauran ba, kuma yawancin gardamar da ake yi a duniya kan ko rajista tana da amfani ta samo asali ne daga rashin tantance wanne ake nufi.

Girman matsalar da ake son magancewa ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da asusun UNICEF ya nuna cewa ɗaya daga cikin 'yan mata huɗu, da ɗaya daga cikin yara maza goma, sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. A tsakiyar 2020 kuma Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Adamu, ya bayyana cewa an kai rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu na wannan shekara a faɗin ƙasa. Duk wanda ya ɗora alƙaluman nan biyu kusa da juna zai gane cewa abin da ke isa gaban hukuma ɗan kaɗan ne ƙwarai daga abin da ke faruwa, abin da ke kaiwa ga yanke hukunci kuwa ya fi haka ƙanƙanta, alhali rajista ba ta ganin kowa sai wanda aka yanke wa hukunci.

2. Inda tsarin ya faro

Jihar Kaliforniya ta Amurka ce ta fara kafa irin wannan rajista a 1947, amma tsarin bai game ƙasar ba sai a 1994, lokacin da dokar tarayya mai sunan Jacob Wetterling ta matsa wa jihohi su buɗe kundi. A wannan shekarar ne aka kashe Megan Kanka, yarinya 'yar shekara 7 a Jihar New Jersey, kuma wanda ya kashe ta maƙwabci ne da aka taɓa ɗaurewa kan laifin lalata da yara ba tare da iyayenta sun sani ba, abin da ya jawo dokar 1996 wadda ta wajabta buɗe bayanan ga jama'a. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta kasa masu laifi gida uku gwargwadon nauyin laifinsu: rukunin farko yana cikin rajista shekara 15 yana kai kansa sau ɗaya a shekara, na biyu shekara 25 yana zuwa duk wata shida, na uku kuwa har ƙarshen ransa yana zuwa duk wata uku. Wanda ya sauya suna ko gida ko wurin aiki dole ya sanar cikin kwanakin aiki uku, kuma ƙin yin haka laifi ne mai zaman kansa wanda a ƙarƙashin dokar tarayya zai iya kai mutum ga ɗaurin shekara 10.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Dokar 2003, wadda ta maye gurbin ta 1997, ta ɗora wa mai laifi wajibin zuwa ofishin 'yan sanda cikin kwana uku, da sabunta bayanansa kowace shekara, da sanar da duk gidan da ya kwana bakwai ko fiye a cikinsa a shekara guda, da sanar da tafiya ƙasar waje kafin ya tashi. Tsawon wa'adin yana bin tsawon ɗaurin: wanda aka ɗaure wata shida ko ƙasa da haka yana da shekara 7, wanda ya haura wata shida bai kai wata 30 ba yana da shekara 10, wanda ya kai wata 30 kuwa babu ranar fita, sai dai ana rage wa'adin da rabi ga wanda bai cika shekara 18 ba idan wa'adin mai iyaka ne. A 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa barin mutum a rajista har abada ba tare da damar neman a sake duba lamarinsa ba ya saɓa wa haƙƙinsa, daga nan aka ba shi damar nema bayan shekara 15. Kundin na Ingila ba a buɗe yake ga kowa ba. Abin da aka yarda shi ne uwa ko uba ko mai riƙon yaro ya tambayi 'yan sanda game da wani mutum takamaimai da ke mu'amala da yaronsa, su kuma su faɗa masa abin da ya zama dole ya sani. Ingila ta ɗanɗana ɗacin buɗewa a shekarar 2000, lokacin da wata jarida ta riƙa buga sunaye da hotuna, tarzoma ta tashi a Portsmouth, aka kuma afka wa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Binciken masana ya taimaka wajen rarrabe ribar kowace hanya. Nazarin da J. J. Prescott da Jonah Rockoff suka wallafa a 2011 ya gano cewa rajistar da ke hannun hukuma tana rage sake aikata laifi, musamman a kan maƙwabta da waɗanda suka san mai laifin, amma tallata sunan ga jama'a, ko da yana tsoratar da wanda bai taɓa aikatawa ba, yana iya ƙara yiwuwar wanda aka tallata ya koma ga laifi, saboda ya rasa aiki da muhalli da abin da zai ji tsoron rasawa. A nahiyar Afirka, dokar Kenya ta 2006 ta bai wa kotu ikon sa ido na dogon lokaci a kan mai laifin da aka ayyana shi mai haɗari, yayin da Afirka ta Kudu ta kafa rajista da dokar 2007 wadda ta gina ta a kan wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su bincika kafin su damƙa wa mutum yara.

3. Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Jihohin Ekiti da Legas ne suka riga tarayya, domin Ekiti ta buɗe kundinta a 2013, Legas kuma a Disamba 2014. Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayu 2015. Sashe na 1 ya faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, ya tanadi ɗaurin rai da rai, ya sa shekara 12 a matsayin mafi ƙarancin ɗauri ga baligi da shekara 20 ga waɗanda suka yi taron dangi, ya kuma umarci kotu ta yanke wa wanda aka zalunta diyyar da ta dace. A ƙaramin sashe na 4 na wannan sashe ne aka ambaci rajista, cikin jimla guda, cewa za a ajiye kundin waɗanda aka yanke wa hukunci kuma jama'a za su iya dubawa. Sashe na 43 ya bai wa kotu ikon ayyana mutum a matsayin mai laifi mai haɗari, misali idan an yanke masa hukunci kan irin wannan laifi fiye da sau ɗaya ko idan yaro ya yi wa, sashe na 44 kuma ya damƙa aiwatar da dokar ga hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP. Hukumar ta ƙaddamar da rajistar ƙasa a intanet ranar 25 ga Nuwamba 2019, da tallafin Tarayyar Turai.

Da yake dokar ta tarayya tana aiki ne a Abuja kaɗai, dole kowace jiha ta yi tata. A watan Yuni 2020 ƙungiyar gwamnoni ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, ta kuma yi kira ga jihohi su karɓi dokar su buɗe rajista. Kaduna ta yi gyara ga kundin laifuffukanta a Satumba 2020, inda ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 fyaɗe, tare da sanya sunan mai laifi a rajistar da babban lauyan jiha zai wallafa. A Kebbi, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar jihar ta haramta cin zarafi tare da dokar kare haƙƙin yara a 2022, waɗanda suka zo suka tarar da kundin Final Kod da kuma dokokin shari'ar Musulunci da jihar ta ɗauka tun daga shekarar 2000.

Abin da ya fi damun wannan takarda shi ne abin da jimlar nan guda ta dokar tarayya ba ta faɗa ba. Ba ta ce mai laifi ya kai kansa wani ofishi bayan an sake shi ba, ba ta ce ya sanar idan ya ƙaura ba, ba ta hana shi koyarwa ko riƙon yara ba, ba ta faɗi shekarun da sunansa zai yi a kundin ba, ba ta kuma nuna hanyar cire sunan ba. Ayyana mutum mai haɗari ma ba a jera abin da zai biyo bayansa ba. Kundin ya zama tamkar littafin bashin ɗan tireda wanda aka rubuta sunayen waɗanda ake bi, amma ba a rubuta nawa ake bin kowa ba, balle ranar biya. Wannan giɓi ba wanda jami'i zai iya cikewa da kyakkyawar niyya ba ne, domin sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a hukunta mutum kan laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace shi ta kuma faɗi hukuncinsa ba. Saboda haka, a inda doka ba ta rubuta wajibin ba, ɗan sandan da ya tsare tsohon fursuna don ya sauya gari bai faɗa ba shi ne ya taka doka. Sashe na 36(8) kuma ya hana ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda ke aiki a ranar da ya yi laifi, abin da ke tayar da tambayar ko sanya suna a rajista hukunci ne ko matakin kariya. Kotun Ƙolin Amurka ta ce matakin kariya ne a shari'ar Smith da Doe ta 2003, amma wannan fatawa ba ta ɗaure kotunan Nijeriya ba, kuma duk jihar da za ta tsara wajibai ya kamata ta yi tanadin wannan ƙalubale tun a rubutun dokar.

4. Zauro a matsayin ma'auni

Zauro gari ne a ƙaramar hukumar Birnin Kebbi, cikin masarautar Gwandu, kusa da Ambursa, a bakin fadamar da aka daɗe ana shirin mayar da ita babban filin noman rani. Tun bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Kebbi a Nuwamba 2015, da bunƙasar masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, fadamar ta ƙara jawo 'yan ƙwadago masu dashe da yanka da sussuka, waɗanda kan zo su yi makonni su wuce. Ga masunta da ke bin ruwa, ga 'yan cin rani da ke fita bayan kaka, ga malamai da gardawa da ke tafe da almajirai, ga kuma iyakar Nijar ta wajen Kamba da ta Benin ta wajen Lolo, waɗanda mutum kan isa cikin yini guda. Gari ne na zaunannu da suka san juna tun kaka da kakanni, kuma mashiga ce ta baƙin da ba wanda ya san tarihinsu.

Ga zaunanne, rajistar intanet ba ta ƙara wa mutanen gari ilimin komai. Ranar da aka kama mutum, kafin 'yan sanda su isa da shi Birnin Kebbi labarin ya gama unguwanni, kuma ranar da ya dawo mai unguwa da liman da matan gidajen da ke kewaye duk sun sani. Wanda ba a sani ba shi ne wanda ya yi laifinsa a wata jiha, ya gama ɗaurinsa, ya zo neman koyarwa a Islamiyya ko gadin makarantar kwana ko tuƙa babur ɗin kai yara makaranta, haka kuma ɗan garin da kunya ta kore shi ya tafi Yawuri ko Kontagora ko Gaya ya fara sabuwar rayuwa a cikin yaran da iyayensu ba su san komai ba. A nan ne kaɗai kundi zai yi abin da idon gari ba zai iya ba, kuma a nan ne daidai rashin wajibin sanar da ƙaura ya kashe masa amfani, domin adireshin da aka rubuta ranar yanke hukunci ya zama tarihi tun daga ranar da aka buɗe ƙofar gidan gyaran hali.

Buɗe kundin ga kowa yana da wasu haɗurra da suka fi tsanani a irin wannan wuri. Sunaye a ƙasar Kebbi suna maimaituwa matuƙa, ta yadda a gari guda za a iya samun mutane da yawa masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma da dama an fi saninsu da laƙabi ko sana'a fiye da sunan yanka da ke cikin takardar kotu, gidaje kuma ba su da lamba. Suna da sunan gari kawai, idan suka shiga Facebook ko WhatsApp ba tare da hoto ba, sun isa su jawo wa mai gaskiya jifa ko mutuwar aure, kuma hukuncin taron jama'a ba ya jiran ɗaukaka ƙara. Haɗari na biyu ya fi wannan ciwo, domin yana faɗawa ne a kan wadda aka zalunta. Mafi yawan masu wannan laifi ba baƙi ba ne ga yarinyar, sukan kasance maƙwabta ko malamai ko dangi, don haka ambaton sunan kawu ko mijin uwa tare da laifinsa daidai yake da ambaton sunanta, kuma tabon zai bi ta har ranar da aka zo neman aurenta. Iyayen da suka hango haka za su ƙara ƙanƙame rufin asiri, su karɓi sulhu a zaure, su janye daga shari'a, ta yadda matakin da aka ɗauka don a tona mai laifi zai ƙare da rage yawan waɗanda ake gurfanarwa.

Akwai kuma matsalar yadda suna zai shiga kundin tun farko. Shari'ar fyaɗe takan fara ne da tsarewa a kotun majistare ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, kafin a kai ta babbar kotu, wasu kuma sukan bi ta kotunan shari'ar Musulunci, wasu a sassauta tuhumar zuwa aikin alfasha saboda ƙarancin hujja ko jinkirin gwajin asibiti. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta kafa babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi a hannun 'yan sanda, ta kuma ce a aika mata hukuncin kotu cikin kwana 30, amma irin wannan tanadi ba ya aiki sai an ambaci jami'in da alhakin ya rataya a wuyansa a kowace kotu.

5. Rufin asiri da gargaɗi a mahangar fiƙihu

A masarautar Gwandu da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa, wanda ya yi rubutu mai zurfi kan mulki da hukunci a littattafai irin su Liya'ul Hukkami, duk dokar da ba ta amsa tambayar malamai ba za ta tsaya a takarda. Tambayar ita ce ko rubuta sunan wanda ya riga ya sha hukuncinsa bai saɓa wa umarnin suturta Musulmi da haramcin giba ba. Malamai sun daɗe da bambanta mai zunubin da ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa, wanda ake so a suturta, da wanda cutarwarsa ke faɗawa kan bayin Allah, wanda ake kai lamarinsa ga hukuma. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da gargaɗin Musulmi daga sharri, kuma sharaɗin wannan gargaɗi shi ne ya zama nasiha ce ga mai buƙatarta, gwargwadon buƙatar. Idan aka auna da wannan ma'auni, shugaban makarantar da ke shirin ɗaukar malami yana da haƙƙin sani, haka waliyyin da ake neman auren 'yarsa, amma mai yawo a waya don nishaɗi ba shi da shi. Fiƙihu ya fi kusa da tsarin tambaya da amsa irin na Ingila da Afirka ta Kudu fiye da allon tallan Amurka.

Mazhabar Malikiyya ta ƙunshi wasu hukunce-hukunce biyu da suka dace da wannan bahasi. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya tabbatar da cewa wanda ya tilasta wa mace yana biyan ta sadakin irinta bayan haddin da ke kansa, ita kuwa babu uƙuba a kanta, wanda ya nuna cewa diyyar da dokar 2015 ta ambata ba baƙuwa ba ce. Na biyu shi ne tagribi, wato korar shekara guda da ake yi wa mazinacin da bai taɓa aure ba, inda malaman mazhabar suka ce a tsare shi a garin da aka kai shi. Hikimar a fili take, cewa hukuma ba ta sakin mutum ga wata al'umma ta juya baya. Abin da ake yi yau a ƙauyuka da yawa, na a taru a ce wa mai laifi ya bar gari don a huta, ya ɗauki rabin hukuncin ya yar da rabin da ke kare mutane, kuma yaran garin gaba ne ke biyan kuɗin wannan hutu.

6. Wajiban da za su iya aiki a fadamar Rima

Wajibin da ba za a iya cikawa ba yana mayar da mai son bin doka mai laifi ne kawai, saboda haka kwafo wa'adin kwana uku daga Ingila ba tare da duba nisan ƙauyukan fadama da yadda ambaliya ke yanke hanya da damina ba kuskure ne. Abin da ya fi dacewa shi ne Majalisar Dokokin Kebbi ta rubuta a sarari cewa wanda aka saka zai kai kansa ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin wa'adi mai sauƙi, ya sabunta bayanansa a kan kari, ya kuma sanar kafin ya tafi cin rani ko ya ƙetare iyaka, a kuma haɗa bayanansa da lambar shaidar ɗan ƙasa da zanen yatsu domin a kauce wa ruɗanin sunaye. Alƙalin da ya yanke hukunci shi ya kamata ya karanta masa waɗannan wajibai da harshen da yake ji, ko Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci, jami'in gidan gyaran hali kuma ya maimaita masa ranar sallama, tunda ba adalci ba ne a kama mutum da saɓa sharaɗin da ba a taɓa faɗa masa ba. Uban ƙasa da hakimi da mai unguwa su ne suka fi kowa sanin wanda ya sauka da wanda ya tashi, don haka a ba su matsayi a doka na karɓar sanarwa a asirce da isar da ita, tare da hukunci ga wanda ya yaɗa ta ba bisa ƙa'ida ba.

Wajibi mafi nauyi bai kamata ya tsaya a kan mai laifi kaɗai ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da masu makarantu masu zaman kansu, da Islamiyyu, da gidajen marayu, da asibitoci, ya kamata doka ta tilasta musu bincika kundin kafin su ɗauki ma'aikaci, kuma binciken ya zama kyauta kuma a kusa, domin makarantar unguwa da ke karɓar kuɗin laraba ba za ta biya kuɗin bincike ko ta tura mutum Abuja ba. Wa'adin zama a kundin ya bi nauyin laifi, a ware yaran da suka yi laifi kafin su balaga daga tsarin manya, a cire sunan wanda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke nan take, a kuma fayyace matsayin wanda gwamna ya yi wa afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta riga ta samar da sashen kula da masu laifi a wajen kurkuku, gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya bai wa jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, don haka Kebbi tana da hurumin da za ta ɗora sa ido bayan saki a kansa. Matakin da ba ya buƙatar jiran majalisa shi ne Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai su fitar da umarnin aiki ga magatakardan kowace kotu, cewa duk hukuncin laifin lalata a cike masa takarda guda a aika wa ma'aikatar shari'a cikin kwana 30, ba tare da sunan wadda aka zalunta ko dangantakarta da mai laifin ba.